Maganar Bishara a Cikin Kwalejinmu

Jama'a, ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in faɗi albarkacin bakina a kan wata magana wadda ta dami kwalejin nan tun farkon wannan zangon karatu. Kowa ya san abin da ya faru. Wani yaro ɗan aji biyu ya sami ƙaramar lasifika mai batir, kullum kafin ƙarfe biyar na asuba sai ya fito ya tsaya tsakanin ɗakunan kwanan maza, ya yi ta wa'azi har gari ya waye. Waɗansu suka kai ƙara wurin malamin da ke kula da ɗakunan kwana, aka karɓe lasifikar. Tun daga ran nan bakin mutane ya rabu biyu. Waɗansu suna cewa ai dama ya kamata a hana wa'azi a kwaleji ɗungum, karatu aka zo yi, ba tallan addini ba. Waɗansu kuwa suna cewa tsanani ne a ke yi wa masu bi, har na ji ana kwatanta yaron da manzannin da aka kulle a kurkuku.

Ni Kirista ne, ba na ɓoye wannan, kuma na daɗe ina zaman uban zumuntar ɗalibai masu bi a nan. Sabo da haka da 'yan'uwana na ke magana tukuna. Amma ina so abokanmu Musulmi su ma su karanta, don gida ɗaya mu ke kwana, famfo ɗaya mu ke ɗiban ruwa. Ban goyi bayan masu cewa a hana ba, ban kuwa yarda an tsananta mana ba.

Bari in fara da masu cewa a hana. Tsarin mulkin ƙasarmu na 1999, a sashe na 38, ya ba ko wane mutum 'yancin addini, har da 'yancin sauya addininsa, da na bayyana shi da yaɗa shi, shi kaɗai ko tare da waɗansu, a ɓoye ko a fili. Wannan ba sabon abu ba ne. Sa'ad da a ke shirin karɓar mulkin kai, ƙananan ƙabilu suka nuna tsoronsu, aka naɗa kwamitin Willink cikin 1957 ya zaga ƙasa ya ji koke-kokensu, ya ba da rahotonsa cikin 1958, daga nan ne aka rubuta irin waɗannan haƙƙoƙi cikin tsarin mulkin 1960. Ɗalibi ba ya tuɓe wannan 'yanci ya rataye a ƙofar kwaleji in zai shigo. Kuma masu son a hana su tuna, wuƙar nan baki biyu gare ta. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Ikko cikin 1954, tana da reshe a nan, tana yin nata wa'azi da nata taro, kuma daidai ne ta yi. Ran da aka rufe bakin ɗaya, an rufe na ɗayan ke nan. Ban da haka, wane irin malami za mu yaye in ya yi shekara uku a nan bai taɓa zama ya ji abin da maƙwabcinsa ya gaskata daga bakin maƙwabcin ba? Gobe za a tura shi ƙauyen da rabin ajinsa ba addininsu ɗaya da shi ba.

Har wa yau, aikin bishara tsakanin ɗalibai yana da tsohuwar saiwa a ƙasar nan, kuma a makarantun horon malamai saiwar ta fi kamawa. Cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Bayan shekara biyu, cikin 1934, Turawan Mishan na SUM suka buɗe makarantar horo a Gindiri, cikin ƙasar Filato, don masu bishara da malaman makaranta. Samari daga ƙabilu dabam dabam, waɗanda ba sa jin harshen juna, suka haɗu a kan Hausa. A Gindirin nan ne kuwa aka fara Zumuntar Ɗalibai Kirista, watau FCS, cikin 1957, ta bazu cikin makarantun sakandare da kwalejojin malamai na Arewa. Daga baya, cikin 1968, aka kafa NIFES a Ilori domin manyan makarantu, tana kuma cikin ƙungiyar duniya ta IFES wadda aka kafa cikin 1947. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne, ɗalibi ne zai kai wa ɗan'uwansa ɗalibi magana. Malamai da fastoci masu ba da shawara ne daga gefe. Waɗanda suka tsara haka sun san abin da su ke yi, gama saurayi ya fi buɗe cikinsa ga wanda su ke cin tuwo a kwano ɗaya bisa ga mai farin gashi irina.

To, amma wa za a kai wa maganar? A nan ne mu kan yi kuskuren farko. Da an ce bishara sai idonmu ya tafi kan Musulmi, mu manta da wanda ke bayanmu a benci. Na sha tambayar sababbin ɗalibai masu sunayen Littafi, su Bitrus da Maryamu da Iliya, ko sun taɓa karanta Bishara ɗaya daga farko har ƙarshe. Ba zan faɗi lissafi ba don kada in kunyata kowa, amma ku gwada a ɗakinku ku gani. Yawancinsu gadon addinin suka yi kamar yadda a kan gaji gona. A gida uwa ce ke tashe su ran Lahadi. Yanzu sun zo inda ba uwa ba uba, ga 'yan kuɗi a aljihu, ga gari kusa, kafin a gama zango na farko ka ga yaro ya koyi kwalba da caca ta waya, yarinya kuma ta faɗa hannun wani mai mota. Waɗannan su ne gonarmu ta ƙofar gida. Mutumin da ya bar gonar ƙofar gidansa ciyawa ta cinye, ya tsallaka rafi zai yi wa wani noma, kowa ya gan shi zai yi dariya.

Yanzu in zo kan yadda a ke maganar, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai labarin da ya kamata ko wane ɗalibin kwalejin malamai ya sani, gama a kwalejin malamai ya faru. Cikin watan Maris na 1987, zumuntar ɗalibai Kirista ta Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta shirya taron bishara, ta gayyato mai wa'azi daga waje, mutumin da a da Musulmi ne. Cikin wa'azinsa ya jawo ayoyin Alƙur'ani yana fassara su. Ɗalibai Musulmi suka ce ya karkatar da ma'ana, ya kuma taɓa mutuncin Annabinsu. Gardama ta zama faɗa, faɗa ya fita daga kwaleji ya shiga gari, cikin 'yan kwanaki wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Aka ƙone majami'u fiye da ɗari, aka ƙone waɗansu masallatai, aka kashe mutane. Gwamnatin soja ta lokacin sai da ta kafa kotu ta musamman a kan al'amarin.

Kada kowa ya juya maganata. Wanda ya ɗauki ashana ya ƙone ɗakin ibada, ko ya ɗauki adda ya sari ɗan Adam, laifinsa a wuyansa ya ke, ba wata kalma da aka faɗa a kan dakali da za ta wanke shi. Amma mu da mu ke shirya taro, wajibi ne mu tambayi kanmu abin da ke hannunmu. Baƙon mai wa'azi zai zo ya yi kwana biyu, a tafa masa, ya shiga mota ya tafi. Ɗalibai su ne za su koma ɗaki ɗaya da waɗanda aka ɓata wa rai. Magana zarar bunu ce. Kuma mutanen Funtuwa da aka ƙone wa majami'a ba su ji wa'azin nan ba, ba a kuwa shawarce su kafin a yi shi ba.

Waɗansu samarinmu za su ce tsoro ne ya kama malam. To, mu buɗe Ayyukan Manzanni mu ga ko Bulus matsoraci ne. A sura ta 17 ya isa Atina, ya ga gari cike da gumaka, ransa ya ɓaci ƙwarai. Amma da aka kai shi gaban majalisarsu aka ce ya yi magana, bai fara da zagin gumakan ba. Ya fara da cewa ya lura su mutane ne masu himmar ibada, ya ambaci wani bagadi da ya gani cikin garinsu, ya ma jawo maganar mawaƙansu, sa'an nan ya kawo su kan tuba da tashin Almasihu daga matattu. Bai rage kome daga saƙonsa ba. Waɗansu suka yi masa ba'a, waɗansu suka ce sai wani jiƙon, kaɗan suka ba da gaskiya. A sura ta 19 kuma ga shi a Afisa, shekara biyu yana zantawa da mutane kullum a makarantar wani mutum mai suna Tiranus. Ku lura, makaranta ce, kuma zantawa ce, ana tambaya ana amsawa. Da maƙeran azurfa suka ta da hargitsi don cinikinsu ya faɗi, magatakardan gari, wanda ba mai bi ba ne, shi ya tashi ya shaida wa taron cewa mutanen nan ba su yi sata a haikali ba, ba su kuwa zagi allahiyar garin ba. Shekara biyu cur, ba a sami kalmar zagi ko ɗaya da za a riƙe shi da ita ba. Gaskiya ne ladabin nan bai hana hargitsi tashi ba, kuma ba na yi wa kowa alkawari cewa in mun yi ladabi ba za a taɓa ƙin mu ba. Amma da hargitsin ya tashi, hannun Bulus a wanke ya ke. Ina so in san ko Musulmin da ke kwana a gadon da ke kusa da naka zai iya tashi ya yi maka irin shaidar magatakardan nan.

Shawarata ita ce, ka faɗi abin da kai ka gaskata, ka bar littafin wani ga mai shi. Kana da isasshen abin faɗa: wane ne Yesu, me ya koyar, me ya sa ya mutu, me tashinsa ya ke nufi, me ya yi a cikin rayuwarka kai kanka. Wanda ya karanta 'yar ƙasida mai shafi ashirin a kan Musulunci, ya ɗauka ya isa ya yi wa mahaddacin Alƙur'ani fassara, kansa ya ke ba kunya. Haka mu ma mu kan ji in wani ya tsinci aya ɗaya daga wasiƙun Bulus ya zo yana koya mana ma'anarta. In abokinka ya tambaye ka inda addininku ya bambanta, kada ka yi masa ƙarya ka ce duk ɗaya ne, don ba ɗaya ba ne, shi ma ya sani. Mu mun gaskata an gicciye Almasihu ya mutu ya tashi, su ba su yarda da haka ba. Ana iya faɗin wannan a zaune, da murya ƙasa ƙasa, a tashi a tafi ɗakin cin abinci tare.

Ni kaina da zafin kai na fara. Sa'ad da na ke ɗalibi, an haɗa ni ɗaki da wani Musulmi, mutum mai yawan karatu da kaifin baki. Ba daren da ba mu kai sha biyu muna gardama ba. Na kan kwana ina shirya hujja kamar mai wasa wuƙa, da safe in ji daɗi in na ga ya rasa amsa, shi ma haka. Muka shekara a kan wannan, ban matsa da shi taki ɗaya ba, abin da na ƙaru da shi girman kai ne kawai. A shekara ta biyu zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ni lokacin jarrabawa. 'Yan zumuntarmu suka zo suka yi mini addu'a da ƙarfi suka tafi, Allah ya saka musu. Amma wanda ya goye ni ya kai ni asibitin kwaleji da tsakar dare, ya wanke mini tufafin da na ɓata, ya kwafe mini darussan da na rasa, shi ne abokin gardamata. Na kwanta ina kallon rufi ina tunanin misalin Basamariyen nan mai tausayi, na ga a cikin labarin ni ne na gefen hanya, wanda na ke so in koya wa addini kuwa shi ne ya tsaya. Daga ran nan zancenmu ya sake. Ya fara tambayata don yana so ya sani, ni ma haka. Ya karanta Bisharar Luka da na ba shi, ni kuma na zauna ya bayyana mini abin da salla ta ke a gare shi. Har yau shi Musulmi ne, ni Kirista, ya san ina yi masa addu'a, ya kan yi dariya ya ce shi ma yana yi mini. Ban kawo labarin nan don in ce na ci nasara ba. Na kawo shi don in nuna cewa sai da na daina neman kayar da shi sa'an nan ya ji abin da na ke faɗa.

Ɗakin kwana ba ya ɓoye hali. A majami'a kowa mala'ika ne na awa biyu. Amma wanda ku ke ɗaki ɗaya ya san ko ka mayar da bokitin da ka ara, ya san ko ka biya bashin da ka ci a kanti, ya san abin da ka ke kallo a wayarka bayan an kashe fitila, ya san kuma ko ka shiga ɗakin jarrabawa da 'yar takarda a cikin safa. Na taɓa kama wani jami'in zumunta da irin takardar nan, ran nan kuwa da safe shi ya bi da addu'ar neman nasara. Abin da wannan yaro ya rushe cikin minti ɗaya, taron bishara goma ba su gina shi ba. Ba na cewa sai mun zama marasa aibu kafin mu buɗe baki, in haka ne ba mai magana har abada. Amma mai bi in ya yi laifi, a gan shi yana amsa laifinsa yana neman gafara, wannan ma shaida ce, kuma irin wadda ba a cika gani ba.

Sai dai akwai rami a wannan gefen ma, kuma mu manya mu muka fi faɗawa ciki. Mutum ya ce shi da halinsa zai yi wa'azi, ya yi shekara uku bai taɓa ambaton sunan Yesu ga kowa ba, ya sa wa tsoronsa suna hikima. Halin kirki shi kaɗai abin da zai sa a ce shi ne, wane mutumin kirki ne. Ba zai gaya wa kowa dalili ba. Manzo Bitrus ya gargaɗi masu bi su zauna a shirye su ba da amsa ga mai tambayar dalilin begensu, amma da tawali'u da ladabi. Abu biyu ne a haɗe, shiri da ladabi. Filibus ma da ya tarar da Bahabashen nan yana karatu cikin keken dokinsa, tambaya ya fara yi masa ko yana gane abin da ya ke karantawa, bai hau ba sai da aka ce ya hau. Amma da ya hau bai tsaya zancen damina ba. Sabo da haka in an tambaye ka, ka amsa sosai. In ka ga abokinka cikin baƙin ciki, ka ce masa kana so ka yi masa addu'a in ya yarda. In za a yi nazarin Littafi, ka gayyace shi a fili ka faɗa masa abin da za a yi, kada ka ce masa shan shayi ne ya zo ya tarar da wa'azi. In ya ce a'a, to, a'a ce, kuma gobe ka gaishe shi kamar jiya. Abota da a ke yi don a kama mutum kamar tsutsa a ƙugiya, ba ta ɓoyuwa, kuma in ya gane ba zai sake yarda da wani mai bi ba.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. A ƙasarmu, saurayi ko budurwa da ya bar addinin gidansu yana iya rasa kuɗin makaranta, da wurin zuwa hutu, da dangi baki ɗaya, wani lokaci har ransa yana cikin haɗari. Wannan gaskiya ce, kuma ɗan gidan Kirista da ya musulunta shi ma ya kan sha nasa rabo na ƙi. Wanda ya ke kiran mutum zuwa wannan hanya, lalle ya faɗa masa tsadarta, ya kuma tambayi kansa ko yana shirye ya raba abincinsa da shi, ya kai shi gidansu hutu. Abin da na fi ƙi shi ne a ɗauki irin wannan mutum a tsayar da shi gaban taro kamar ƙahon barewar da maharbi ya rataye, a ɗauki hotonsa a watsa. Ana yin haka don a ji daɗin lissafi, a rubuta wa hedkwata cewa rayuka kaza sun tuba. Rai ba buhun gyaɗa ba ne da za a jera a ƙirga. Shi ne zai zaɓi ranar da zai faɗa da wanda zai faɗa wa.

Ga 'yan'uwana malamai, maganata gajeriya ce. Wanda ke riƙe da jan biro ba daidai ya ke da ɗalibi ba. In ka gayyaci yaron da za ka duba takardarsa gobe zuwa majami'arku, ba shi da bakin cewa a'a, ko da kai da zuciya ɗaya ka yi. Aji wurin darasi ne. Ƙofar ofishinka a buɗe ta ke ga wanda ya zo da ƙafarsa ya tambaya. Ku kuma ɗalibai da za ku fita koyarwar gwaji, ku riƙe wannan da kyau, gama ku ma jan biro za a ba ku. Sashen nan na 38 da ya ba ku 'yanci, shi ne kuma ya ce ba za a tilasta wa mai zuwa makaranta ya karɓi koyarwar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Uban da ya kawo ɗansa ɗan shekara takwas ya koyi lissafi, amana ya ba ka. Yaron nan ba tsaranka ba ne da zai iya yi maka gardama. Ka koya masa lissafin da kyau, ka zo aji kan lokaci, kada ka aike shi gonarka, iyayensa za su san ko kai wane ne.

Waya kuma ta ƙaro mana sabon dandali wanda iyayenmu na Gindiri ba su san shi ba. Zauren WhatsApp na aji an buɗe shi don sanarwar darasi da jarrabawa, kowa yana ciki dole, ba wurin wa'azin kowa ba ne, namu ko nasu. Cikin watan Mayu na 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista a kwalejin horon malamai ta Sakkwato, aka ƙone gawarta, a kan wani saƙon murya da ta aika a irin wannan zaure, wanda aka ce ɓatanci ne. Kisan nan ta'asa ce, ba shi da wani uzuri, kuma manyan Musulmi da dama, har da fadar Sarkin Musulmi, sun yi tir da shi. Na ambace shi ne don ku san cewa abin da ka faɗa a ɗaki iska ta kan kwashe, amma abin da ka aika ta waya yana nan, ana tura shi ga waɗanda ba su san ka ba, ba su kuwa ji abin da ya gabata ba.

Na san abin da za a ce mini a kan lasifikar nan: ai ana kiran salla da asuba da lasifika, me ya sa tamu ce za a karɓe? Amsata ita ce, kiran salla daga masallaci ya ke fitowa, a lokacin da kowa ya sani, na 'yan mintoci, ana kiran masu salla zuwa sallarsu. Mu ma muna da ɗakin sujada, muna kaɗa ganguna ran Lahadi, muna kwanan addu'a a ƙarshen wata har maƙwabta su kasa barci, ba wanda ya hana mu. Abin da yaron nan ya yi dabam ne, ya kai ƙara bakin tagar mutanen da suka yi karatu har ƙarfe ɗaya na dare, ba su da hanyar tashi su bar wurin. Da ɗalibi Musulmi ne ya yi haka, da mu ne na farkon kai ƙara. In kuwa ƙarar lasifikar masallaci ko ta majami'a ta yi yawa, wannan magana ce da za a zauna a daidaita, doka ɗaya ga kowa.

Don haka ina roƙon Shugaban Kwaleji da majalisarsa kada su hana, sai dai su tsara. A ba ko wace ƙungiya wuri da lokaci. Duk baƙon da za a gayyato ya yi wa'azi, uban ƙungiya ya san shi, ya kuma zauna da shi tun kafin ya hau dakali ya gaya masa irin gidan da ya shigo. Shugabannin zumuntarmu da na Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi su riƙa zama tare a farkon ko wane zango, su karɓi lambar wayar juna, don ran da wata jita-jita ta tashi da dare a sami wanda za a kira kafin a ɗauki sanda. Ga abokanmu Musulmi kuma ina da roƙo ɗaya. In ɗan ɗakinku ya ba ka labarin bangaskiyarsa da ladabi, kada ka ɗauke shi zagi. Abin da ya fi daraja a wurinsa ne ya miƙo maka, kamar yadda kai ma ka kan yi masa kwaɗayin naka. Kana da iko ka ce ka gode, ba ka so.

Shekaranjiya na kira yaron mai lasifika ofishina. Yaro ne mai himma, ina ƙaunarsa, da ma a ce rabin 'yan zumuntarmu suna iya tashi ƙarfe huɗu don wani abu. Na tambaye shi su nawa ne a ɗakinsu, ya ce takwas. Na ce ya faɗa mini sunayensu da garuruwansu, ya kawo biyar ya tsaya. Na tambaye shi ko ya san ɗaya daga cikinsu ya rasa mahaifinsa a hutun da ya wuce, har yanzu bai gama biyan kuɗin makaranta ba. Ya ce bai sani ba. Na ce ya je ya gano ko wane ne, in ya gano ya dawo mu je tare wurin malamin ɗakunan kwana a kan zancen lasifikar. Ina jiransa.